Gasar Tsibiran Tekun Indiya: Wa Ke Cin Ribar Baƙi?

Tsibiran Maldibs, Morishiyos, Seshel da Zanzibar duk haja guda suke tallatawa, wato farin rairayi, ruwan teku garai-garai da hasken rana a lokacin da sanyi ya addabi Turai. Da yake masu sayen ɗaya ne, gasar da ke tsakaninsu ta koma ta karya farashi da bai wa manyan kamfanonin otal filayen bakin teku.

Da yawan baƙi hukumomi suka saba auna nasara. Maldibs ta karɓi masu yawon buɗe ido miliyan 1.7 a shekarar 2019, ta kuma haura miliyan 2 a 2024. Sai dai alƙaluman ba sa nuna inda kuɗin ke kwana. Baƙo da dama yakan biya kuɗin jirgi, masauki da abinci a dunƙule tun daga ƙasarsa, kuma yawancin abin da zai ci daga waje aka shigo da shi. Kaɗan ne ke isa hannun masunci, direban tasi da mai ƙaramin shago, alhali kuwa su ne ke fama da tsadar filaye da ƙarancin ruwan sha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Maldibs ɗin ce ta nuna mafita. Tun daga 1972 ta keɓe otal-otal a tsibiran da ba kowa, nesa da jama'arta. A 2009 gwamnati ta halatta buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune, nan da nan ɗan tsibirin Maafushi ya cika da masaukan 'yan ƙasa, ciniki ya kai ga masu kwale-kwale da masu sayar da abinci. Ita kuwa Seshel, a 2015 ta dakatar da ba da izinin gina sababbin manyan otal-otal.

Ya kamata Zanzibar ta yi koyi da su. Rangwame kowa na iya yinsa, amma tsohon birninta na duwatsu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, da gonakin kanumfarinta, babu abokiyar gasar da ke da irinsu. Wajibi ne hukumomin tsibirin su riƙa ba da lasisi da rance ga ƙananan 'yan kasuwar da ke kai baƙi waɗannan wurare, domin kuɗin da aka kashe a hannunsu shi ne ke zama a gida.