Buhu Biyar na Tattasai a Kowane Gida



Duk wanda ake aike cefane a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu ya san yadda tattasai ke tsada a farkon damina. A tsakiyar 2024 ma sai da tumatir da tattasai suka gagari gidaje da yawa, aka koma kuka da kuɓewa. Muna zaune a bakin fadamar Gulbin Rima, ana yi wa jiharmu kirari da shinkafa da albasar Aliero, amma yawancinmu a allo kawai muka san noma. Muna haddace sunayen taki, ba mu taɓa raya tsiro ɗaya ba.

Ra'ayinmu shi ne kowane ɗalibi, mace da namiji, ya raya tattasai buhu biyar a gida, makaranta kuma ta saka wannan aiki cikin makin darasin aikin gona.

Aikin ba ya buƙatar fili. A watan Oktoba, da damina ta ɗauke, a yafa iri a tsohuwar roba mai huji a ƙasa. Ana iya saye, ana kuma iya cire 'ya'yan nunannen jan tattasai a shanya su a inuwa. Bayan mako 5 zuwa 6, in tsiron ya yi ganye kamar 6, a dasa ɗaya a kowane buhu. A cika buhun da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A huda gindin buhun, saboda tattasai ba ya son ruwa ya kwanta masa. Wajen wata biyu da rabi bayan dashe sai a fara tsinka.

Me ya sa Oktoba? Tattasai yana zubar da fure idan zafi ya tsananta, kuma mun san a Maris da Afrilu zafin garuruwanmu yakan haura digiri 40. Wanda ya yi jinkiri ganye kawai zai gani. Da sanyin safiya ake kama fara.

Wani zai ce ruwa na wahala a unguwarsu. Gaskiya ne, amma ruwan alwala da na wanke shinkafa da muke zubarwa kullum ya ishi buhu biyar, in dai ba a haɗa da na omo ba. Wani zai ce awaki da kaji. A kewaye da kara ko tsohon gidan sauro. Idan ƙananan ƙwari suka taru a bayan ganye, a daka ganyen dogonyaro, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. 'Yan aji shida za su ce WAEC da NECO na tafe. Ban ruwa bai wuce minti goma ba, kuma abin da hannu ya yi ya fi zama a kai fiye da hadda.

Ba mu ce buhu biyar za su riƙe miyar gida shekara guda ba. Amma za su rage wa iyayenmu kuɗin cefane, abin da ya yi saura a shanya shi don lokacin tsada. Ga shi kuma jan tattasai ya fi lemon zaƙi yawan bitamin C.

Roƙonmu ga Shugaban Makaranta da malaman aikin gona: a raini iri a harabar makaranta a raba mana, a ba 'yan kwana wuri a bayan ɗakunan kwana, a zangon karatu na biyu kuma kowa ya kawo abin da ya tsinka a ba shi maki. Mu 'yan ƙungiyar jarida za mu liƙa sunayen waɗanda suka fi ƙoƙari a wannan bango. Sai a fara tara buhu tun yanzu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta