Daga Bakin Potomac: Wata Tara a Nijar, Minti Biyar a Coci

Zancen yau ya fi shafar 'yan'uwa Kirista, amma duk mai rainon ɗa ko 'ya a ƙasar nan zai ga kansa a ciki.

A watan Satumban 2022 na raka wata ƙawata filin jirgin sama na Dulles domin sallamar 'yarta. Yarinyar haifaffiyar Maryland ce, shekarunta 23, ta gama karatun aikin jinya, ta ce Allah ya kira ta aikin bishara na wata tara a wani ƙaramin asibitin mishan a kudancin Nijar. Kuɗin tafiyar ma da kanta ta tara, ta hanyar rubuta wa 'yan coci wasiƙu, kamar yadda ake yi a nan. A hanyarmu ta dawowa uwar ta share hawaye ta ce, "Mun sha wuya mun kawo su nan, ita kuma ta kwashi ƙafa ta koma inda muka baro."

Irin wannan tafiya tana da tarihi a wajenmu. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasashenmu, kuma daga nan ƙungiyar SIM ta samo asali. A 1920 wata budurwa Ba'amurkiya, Johanna Veenstra, ta iso Nijeriya, ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a Vom a 1933. SIM ce ta buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950. Abin da ya sauya shi ne, yau masu tasowa daga Amurka har da jikokin waɗanda aka je wa wa'azi.

'Yar tamu ta tafi da tunanin gida za ta. Ai tana jin Hausa, ta ci tuwo tun tana rarrafe. Makon farko ya koya mata darasi. A kasuwa aka ce mata tumatir dala ashirin, ta zaro ido, tana zaton dalar Amurka ake nufi, alhali a can dala ɗaya sefa biyar ce, ke nan sefa ɗari kacal. Ta ji ana cewa "mu tafi likita", sai daga baya ta gane asibitin ake nufi. Yara kuwa suna bin ta suna kiran "anasara", duk da baƙar fatarta da zaninta da kallabinta, domin tafiyarta da saurin gaisuwarta sun tona ta. Ta aiko mini da saƙo: "Anti, a Amurka ni 'yar Afirka ce, a nan kuma Baturiya."

Watanni biyu na farko hotuna sun yi ta zuwa a WhatsApp da Instagram: ga ta da jarirai, ga ta da raƙumi. Daga nan sai shiru. Bayan ta dawo ta gaya mini dalili. Wani yaro da ta kwana uku tana jinya ya rasu da zazzaɓin cizon sauro, kuma hotonsa yana cikin waɗanda ta riga ta sa a intanet ba tare da ta nemi izinin uwarsa ba. Ta ce tun ranar ta ji nauyin ɗaga waya a gaban marar lafiya.

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ita ma zazzaɓin ya kayar da ita. Wadda ta yi ɗawainiya da ita maƙwabciyarta ce, wata dattijuwa Musulma, da ke kawo mata kunu safe da yamma, tana yi mata fifita, tana cewa, "Sha, 'yata, baƙo ai amana ne." Yarinyar ta ce, "Anti, na je da niyyar bayarwa, sai ga ni ina karɓa da hannu biyu." Bangaskiyarta na nan daram, amma ta daina maganar mutanen garin kamar wani aiki da aka ba ta ta kammala. Yanzu da sunayensu take kiran su.

Ta dawo a watan Yunin 2023, makonni kaɗan kafin juyin mulkin 26 ga Yuli. Nan ne laifinmu ya fito, kuma ina ciki. A coci aka ba ta minti biyar ta ba da rahoto, aka tafa, aka wuce zuwa sanarwa. Ni kaina abin da na fara ce mata shi ne, "Kai, kin rame! Yaushe za ki fara aiki?" Ga bashin makaranta na jira, ga ƙawayenta sun yi gaba. Ta ce ranar da ta fara shiga babban kanti ta ga jerin madara iri-iri, sai ta koma mota ta yi ta kuka. Babu wanda ta iya faɗa wa, don kowa na ganin ta dawo daga yawon buɗe ido ne.

Saboda haka, ga iyaye: idan 'yarku ta zo da wannan magana, ku ajiye faɗa, ku yi tambaya. Wace ƙungiya ce ke aike ta, kuma wa zai karɓe ta a can? Mutanen wurin ne suka nemi mai irin sana'arta? Akwai inshorar lafiya da za ta ɗauko ta idan ciwo ya yi tsanani? Ta yi rigakafin shawara, ta tanadi maganin zazzaɓi? Ku karanta gargaɗin da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ke fitarwa kan kowace ƙasa. Hatsarin gaskiya ne: Jeffery Woodke, Ba'amurken da aka sace a Abalak a watan Oktoban 2016, sai a Maris 2023 ya kuɓuta. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma 'yan mata, ku koyi gaisuwa kafin ku koyi wa'azi. Akwai Kiristoci a wuraren nan tun kafin a haife ku, kuma 'yan ƙasa sun kafa tasu ƙungiyar masu bishara, EMS, tun 1948. Ku zauna a ƙarƙashinsu ku saurara. Maƙwabta Musulmi kuwa, ku girmama su kamar yadda kuke so a girmama iyayenku a nan.

Sauran mu, mu matan zumunta da dattawa, aikinmu yana farawa ne ranar da jirgi ya sauka. Ni sai bayan wata biyu na farga. Na gayyace ta gida, na dama fura, na kashe waya, na ce, "'Yata, fara daga farko." Har ƙarfe ɗaya na dare muna zaune, ba ta kai ga watan Janairu ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.