Dashen Haƙori: Da Ido Ko Da Ma'auni?

Zancenmu na makon nan a kan haƙori ne, domin mutumin Zuru da haƙorinsa ya faɗi, in yana so a dasa masa wani, yawanci sai ya niƙi gari zuwa manyan birane, irin su Sakkwato ko Kano. Ya kamata ya san abin da zai tarar.

Asalin aikin daga ƙasar Suwidin ne. Wani likita, Branemark, shi ya gane ƙashi yakan kama ƙarfen titaniyam ya riƙe gam, ya kuwa fara dasa wa mutum a 1965. Akan huda ƙashin muƙamuƙi, a ɗaura 'yar ƙusa ta ƙarfen nan, a jira kamar wata 3 zuwa 6 ta kamu, sa'an nan a ɗora haƙori bisanta.

To, hujin nan shi ne wurin hatsari. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiya, in aka taɓa ta leɓe yakan mutu, wani lokaci har abada. A na sama kuwa akwai kogo kusa da hanci.

Hanya biyu ce. Ta fari, likita ya duba hoto, ya huda da ƙiyasin idonsa da gwanintar hannunsa. Ta biyu, a ɗauki hoton ƙashin ta kowane gefe, a tsara wurin ƙusar cikin kwamfuta, a ƙera wani murfi mai ƙofa a kifa bisa haƙora, abin hujin ya bi ta ƙofar nan. Masu bincike sun tarar ta biyu ta fi dacewa da wurin da aka nufa, amma ita ma takan kauce kamar milimita 1, ga kuma ƙarin kuɗi. Wajen daɗewar haƙori kuwa, bambancinsu kaɗan ne.

Ga ganina, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In haƙori ɗaya ne, ƙashi da kauri, gwanin likita ya isa. In ƙashin siriri ne, ko jijiya na kusa, ko haƙoran da yawa, kada a yi rowar kuɗin ma'auni.

Kafin ka biya, Malam, tambayi likita: nawa ka taɓa dasawa? Ina tazarar ƙusa da jijiya? In ciwo ya tashi bayan na koma Zuru, wa zan gani? Mai ciwon sukari da mai shan taba su faɗi gaskiya tun da fari.

Allah ya ba mu lafiya, amin.

Naku,
Mai Nasiha, Zuru.