Akushin Bakin Hanya: Taskar da Manazarta Hausa ke Tsallakewa

Duk shekara malamai da ɗaliban Hausa kan yi tafiye-tafiye zuwa tarukan ƙara wa juna sani a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, wani lokaci har Akara ko Yawunde. Sau da yawa abin da ake gani ɗaya ne: manazarci ya sauka a otal, a kawo masa soyayyar shinkafa da kaza irin wadda zai samu a kowane babban birni, ya gabatar da maƙalarsa a kan ɓacewar al'adu, ya koma gida bai ɗanɗana ko loma ɗaya ta abincin garin ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan ɗabi'a asara ce ga fagen nazarin Hausa, domin rumfar mai tuwo da teburin mai nama wuraren bincike ne kamar yadda ɗakin karatu yake.

Hujja ta farko tana cikin harshen kansa. Sunayen abinci na daga cikin wuraren da bambancin karin harshe ke fitowa fili. Abin da Bakano ke kira waina, shi ne masa a bakin mutumin Bauchi. Kalmar hatsi, wadda a Kano ta game dawa da gero da sauransu, a wajen manomin Maraɗi ko Damagaram gero take nufi. Hoce sananne ne a ƙasar Sakkwato da Zamfara, amma za a iya samun ɗalibin da ya kammala digiri a Hausa a gabashin ƙasar bai taɓa ganinsa ba. Cukun da ake busarwa a Tawa da Agadas, da dambun da ake haɗawa da zogale a Nijar, kowanne yana tafe da nasa kalmomin sarrafawa da na awo da na ciniki. Wanda ya zauna a benci ya saurari yadda ake neman ƙarin miya, zai ji karin sauti da tsawon wasali a bakin mutanen da ba su san ana nazarinsu ba, abin da takardar tambayoyi ba ta cika samarwa.

Magabata a wannan fage ba su raina irin wannan aiki ba. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen cimaka, kuma yakan nuna yankin da kalma ta fito. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, ya adana bayanin girki daga bakin mace, Polly Hill kuma ta nuna a bincikenta na Batagarawa a 1972 irin matsayin da sana'ar abincin matan kulle ke da shi a tattalin arzikin ƙauye. Shekaru casa'in sun shuɗe bayan Bargery. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: nawa ne daga cikin sunayen da ya rubuta har yanzu ake dafa abin da suke nufi, kuma a ina? Amsar ba ta cikin wani kundin digiri. Tana bakin murhu.

Hujja ta biyu ta shafi tarihi. Abincin Hausawa ya bi sawun fatake da alhazai, ya zauna a inda suka zauna. Matafiyin da ya shiga unguwar Nima a Akara, ko zangon Kumasi, zai tarar da koko da ƙosai da safe, ana ma kiran kokon da sunan Hausawa. Zai tarar da tuo zaafi, wato tuwon zafi, da kuma waakye, wadda ba komai ba ce illa wake da shinkafa da sunan ya gajarce a bakin mutanen Gana. Jan launin waakye daga karan dafi yake fitowa, irin wanda majema ke rina fata da shi a ƙasar Hausa. Wannan faranti ɗaya yana ba da shaidar hanyar fataucin goro ta Kano zuwa Gwanja da kasuwar Salaga, wadda Mahdi Adamu a 1978 da Paul Lovejoy a 1980 suka yi bayaninta da hujjojin rubutu da na baka. A Sudan kuma akwai agashe, naman da ake baɗe shi da garin ƙuli da yaji a gasa, sana'ar da aka san Hausawan can da ita. Ba za a raba shi da tarihin tafiya hajji ta ƙasa ba, da hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A unguwar Birketiri ta Yawunde ana kiran naman soya, a Legas kuma suya, alhali a gida sunansa tsire, suya kuwa aikin mai ne da kasko. Yadda kalma ta sauya ma'ana a bakin baƙi darasi ne cikakke a ilimin ma'ana da na walwalar harshe.

Hanyar kuma ba ta fita kaɗai ba ce, akwai ta shigowa. Gurasar Kano da alkubus da alkaki sunayensu na Larabci ne, suna tuna wa mai ci zaman Larabawan arewacin Afirka a cikin birnin. Burabusko ya shigo daga Barno. Rogo da masara da gyaɗa, waɗanda a yau ake ɗauka kamar da su aka halicci ƙasar, asalinsu daga nahiyar Amurka ne. Ke nan, abin da ake kira abincin gargajiya bai taɓa tsayawa cik ba. Wannan ya isa ya hana manazarci kallon taliyar leda da shawarma da awara a matsayin annoba kawai. Abin nazari ne su ma: wa ya kawo su, wane suna aka laƙaba musu, me suka ture daga kan faifai?

Akwai uzurorin da ba za a yi watsi da su ba. Na farko shi ne kunya. Tarbiyyar Bahaushe ba ta yarda babban mutum ya ci abinci a bainar jama'a ba, kuma malaman fiƙihu sun ambaci ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutunci. Ga mace manazarciya nauyin ya fi haka. Sai dai al'adar da ta kafa wannan doka ita ce kuma ta yi wa matafiyi rangwame, shi ya sa tasha da zango suka zama gidajen masu tuwo tun zamanin ayari. Wanda kuma bai iya zama a benci ba, yana iya aikawa a sayo, sannan ya je ya gai da mai girkin ya yi mata tambayoyinsa. Uzuri na biyu tsabta ce, kuma gaskiya ne ciwon ciki yana iya ɓata tafiya gaba ɗaya. Maganinsa sananne ne: a nemi abin da aka sauke da zafinsa, a lura da ruwan sha, a bi shawarar mai masauki, tunda da ɗan gari akan ci gari. Na uku shi ne rashin tsaro a hanyoyi, da irin rufe iyakar Nijeriya da Nijar da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wannan uzuri ma hujja ce a kan masu bayar da shi: idan tafiya ta yi wuya, kowace dama da aka samu ta ƙara daraja, bai kamata a ƙarar da ita a ɗakin otal ba.

Suka mafi ƙarfi ita ce, abincin sayarwa ba shi ne abincin gida ba. Mai sana'a tana dafa abin da ke da kasuwa ne, ba za a sami abincin mai jego ko na fari da yunwa a rumfarta ba. Wannan haka yake. Amma rumfar ƙofa ce. Mai tuwon da aka yaba wa miyarta, aka tambaye ta wa ya koya mata, ita ce za ta ambaci kakarta da garin da aka auro ta, ta kuma faɗi abin da ake dafawa da can wanda yanzu aka bari. Ilimin girki a hannun mata yake, kuma mafi yawansa bai shiga takarda ba. Duk tsohuwar da ta rasu, da wasu kalmomi take tafiya.

Saboda haka abin da ake nema ba mai tsada ba ne. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdu Mumuni za su iya amincewa da tambayoyi kaɗan da duk mai tafiya zai riƙe: sunan abincin da yadda ake furta shi, kayan haɗinsa, lokacin cinsa, wanda ya koyar da mai yin sa, da wani sunan da aka san shi da shi. A ɗauki murya da izinin mai magana, a rubuta gari da rana. Masu shirya taruka kuma su ware cin rana ɗaya ga abincin garin da ya karɓi baƙuncin, a gayyato masu girkin su yi bayani da bakinsu. Cikin 'yan shekaru za a tara abin da zai isa a zana taswirar sunayen abinci daga Agadas zuwa Kumasi, a kuma sabunta wannan ɓangare na Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Manazarcin da ya je Bauchi bai ci masa ba, ko ya je Madawa bai tsaya wurin masu ƙilishi ba, ya riƙe mabuɗin ne ya dawo da shi bai buɗe komai ba.