Amalanken Shanu: A Duba Lodi, A Duba Ƙusa

Kaka ta yi. Kowace safiya amalanken shanu na ta shigowa Malam Madori daga ƙauyuka, wani da gero, wani da riɗi, wani da shinkafar fadamar Haɗejiya. Da ma garin nan kaya ne ya raya shi. Bayan da layin dogo ya ratsa ta nan ya kai Nguru cikin 1930, jakuna da raƙuma ne ke kawo gyaɗa tasha. Yanzu bijimai sun karɓi aikin, sun kuwa fi jaki ɗauka nesa ba kusa ba. Amma fa jaki in kaya ya yi masa yawa sai ya kwanta. Bijimi kuwa yana cikin karkiya, ba shi da wannan dama.

Abin da yawancin masu amalanke ba su lura da shi ba, ba yawan kaya kaɗai ke lalata bijimi ba, har da inda aka ɗora shi. Amalanke taya biyu gare shi, watau kamar sikeli yake. In aka jibge buhuna a gaba, nauyin duka sai ya sauka a wuyan shanu, karkiya ta yi ta gurzar gaban tozo har ya zama miki. Bijimin da ya yi miki kuwa ya bar aiki ke nan sai ya warke, ga shi ci ba ya fasawa. In aka tura kayan baya, sandar ja sai ta ɗaga sama, igiyar karkiya ta shaƙe maƙogwaro, bijimi na ja yana kakari, mai kora na tsammani taurin kai ne, yana ƙara masa bulala.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A sa buhunan da suka fi nauyi daidai bisa tayoyi, a ɗan rinjayar da su gaba kaɗan, a ɗaure tamau. Kafin a ɗaura shanu, mutum ɗaya ya kama bakin sandar ja. In ya iya ɗaga ta ba da nishi ba, ita kuma ba ta tashi sama da kanta ba, to lodi ya yi daidai.

Sa'an nan a tuna hanya. Abin da bijimai biyu suka ja a kan kwalta ba su ja shi cikin yashi ba, ƙasar nan kuwa kowa ya san yashinta. 'Yan kasuwa masu biyan lada a kan kowane buhu su ma suna da laifi a nan, don su ke zuga mai amalanke ya ƙara biyu ya ƙara uku. Ladan buhu uku nawa yake, a kan kuɗin bijimi a kasuwar Maigatari ran Alhamis?

Sai maganar ƙusar da ke haɗa sandar ja da karkiya. Wani guntun rodi yake zurawa, wani ma tsohuwar igiya. Girgizar tsallaka layin dogo ko gangarar shiga fadama ta isa ta fitar da ita. Amalanke ba shi da birki, in ya kuɓuce sai inda ya tsaya, kuma sau da yawa yara ne zaune a kan kayan. Kamata ya yi ƙusar ta zama ƙarfe mai kauri, mai huda a ƙasa, a zura mata waya a murɗe. Ban da ita a ƙara sarƙa wadda za ta riƙe amalanken ko da ƙusa ta fita. Masu jan tirela da tarakta su ma wannan magana ta shafe su. A gangara kuwa, kowa ya sauka, mai kora ya wuce gaban shanu ya riƙe igiyar hanci.

Masu walda da ke ƙera amalanke su ne ya fi dacewa su fara gyara. Kada amalanke ya fita daga hannunsu sai da ƙusa ta kirki, da sarƙa, da jan abin ƙyalli guda biyu a baya don direban mota ya hango shi bayan magariba. In sun ƙi, mai saye ya riƙe kuɗinsa har sai an sa.