Aikin da Sunanka Ba Zai Fito a Bango Ba



Yawancinmu da an ce rubutu, littafi muke hangowa da sunanmu a bango. Amma akwai wani aikin alƙalami da ba mu cika waiwaya ba, alhali ana cin abinci da shi: tace rubutu da isar da saƙo a cibiyoyin da ke binciken manufofin gwamnati, irin su CDD a Abuja, CITAD da Gidan Mambayya a Kano, NIPSS da ke Kuru, ko LASDEL a Yamai. Masana ne ke yin binciken, amma sai wani ya zauna ya gyara rahoton, ya matse shafi tamanin ya koma biyu yadda kwamishina zai karanta a mota, ya rubuta sanarwar manema labarai, ya shirya abin da za a faɗa a rediyo.

A ganina marubucin Hausa ya dace da wannan kujera, da sharaɗi guda: ya ajiye gishirinsa a gida.

A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, wato mutum miliyan 133, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. Mai gaggawa zai rubuta cewa mutum miliyan 133 ba su da kuɗi. Rahoton bai ce haka ba. Ma'aunin ya duba lafiya, ilimi, ruwan sha, makewayi, makamashin girki, aikin yi da tsaro. Talaucin kuɗi kuwa, binciken hukumar na 2018 zuwa 2019 ya sa shi a kashi 40. Manomi na iya sayar da buhunan masara ya riƙe kuɗi, amma matarsa da itace take girki, asibiti ya yi nisa, yaransa ba sa makaranta. Wannan gidan rijiyar burtsatse da malamai da ɗakin shan magani yake buƙata. In mai tacewa ya cakuɗa ma'aunin biyu, sai mai sauraro ya ɗauka rabon kuɗi ne maganin komai.

Nan ne mu masu ƙagaggen labari muke tuntuɓe, domin mun saba zaɓar jimla mai daɗi. A wannan aiki, in mai bincike ya ce "mai yiwuwa", ba ka da ikon mayar da shi "tabbas", ko da jimlar za ta yi lami.

Turanci dole ne, kada mu ruɗi kanmu, don da shi ake rubuta rahotannin Najeriya, na Nijar kuma da Faransanci. Haka lissafin kashi cikin ɗari, wanda da yawanmu muka gudu daga gare shi tun sakandare. Sannan albashin galibi daga tallafin waje yake zuwa, kwangila kan ƙare, kuma kowa ya ga yadda ayyuka suka tsaya da Amurka ta rufe USAID a 2025.

Mai son gwadawa ya ɗauko kasafin kuɗin jiharsa, ya zaɓi ɓangaren ilimi, ya rubuta shafi ɗaya da Hausa. Ya karanta wa mahaifiyarsa ko mai shayin unguwa. Duk inda aka ce "me kake nufi?", ya koma ya gyara ba tare da ya taɓa lamba ko ɗaya ba. In ya tara irin wannan guda biyar, su zai haɗa da takardar neman aiki.