Wasiƙa Zuwa ga Masu Shirya Fim ɗin Dodon Ruwa

'Yan'uwa marubuta labari da daraktoci.

Daga Birnin Kebbi nake rubuto muku, kuma ƙorafi na kawo, amma irin na masoyi. Kwanan baya na je Argungu gaida kawuna, tsohon masunci. Bayan sallar isha'i yara suka kunna wani fim a waya, na dodon da ke cinye mutane a gulbi. Ba zan kama suna ba, masu shi sun san kansu. Fim ne na ban tsoro, amma dariyar da aka sha a zauren nan, ko a fim ɗin marigayi Ibro sai haka.

Kawu bai ce uffan ba har dodon ya ɓullo, girmansa kamar tirela. Sai ya ajiye goronsa ya ce, "Wanga dodo, mi shika ci? Ina kuma shika kwana in ruwa ya janye?"

Ku amsa masa. Da rani akwai wuraren da makiyayi ke tsallake gulbin da shanunsa, ruwa iya ƙugu. Sannan a gulbin Matan Fada, ranar bikin kamun kifi, da an buga bindiga dubban mutane ke aukawa cikin ruwa, kowa da homa da gora, su yamutsa shi har laka ta taso. Tun 1934 ake wannan biki. Kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. A ce cikin wannan turmutsutsu ba a taɓa samun wanda ya taka wutsiyar dodonku ba?

Sauran kurakuran fim ɗin kuwa ba sa ƙirguwa. Gari duk ya san dodo na cin mutane, amma budurwa ta ɗauki tulu ƙarfe 12 na dare, da janbaki da takalmi mai tsini, ta nufi bakin gulbi. 'Yan sanda sun zazzage masa harsasai ko gezau, jarumi ya zo da sandar makiyaya, bugu ɗaya ya gama da shi. Jarumin ya fito daga ƙarƙashin ruwa shaddarsa na ƙyalli, karin guga bai karye ba, hula zanna na zaune daram, har wayar aljihunsa ta yi ƙara ya ɗauka. Mutanen ƙauyen kuma, wai Kabawa ne, sai zuba Kananci suke kamar 'yan kasuwar Kwari.

Wanda ya fi ɓata wa kawu rai shi ne bokan nan mai jan ƙyalle da dariyar ƙeta da aka je nema cikin kogo. A Argungu akwai Sarkin Ruwa, sarauta ce mai gado, kuma ba a shiga ruwan biki sai ya ba da izini. Mutanen garin za su gaya maka shi ke sallamar kadoji su kauce kafin masunta su shiga. Ka yarda ko kada ka yarda, wannan ai labari ne a shirye. Kuka tsallake shi kuka ɗauko bokan da muka gani a fim ɗari.

Ku san wa kuke yi wa fim. A 2008 an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya a bikin, bayan an gano cewa kifin nasa ya daɗe da mutuwa, daga wani wuri aka shigo da shi. Mutanen da suka kama ƙaryar mataccen kifi, dodon kwamfuta ne zai wuce su?

Ba mu hana ƙarya ba, sana'arku ce, amma a yi mata doka a kuma bi ta. Macijin rijiyar Kusugu a Daura ranar Juma'a kawai yake barin a ɗebi ruwa. Da Bayajidda ya kashe shi, sai ya tafi da kan, shi ya sa masu cika bakin cewa su suka kashe shi suka ji kunya da aka ce a kawo shaida. Kakanninmu ba su bar ƙofar da yaro zai ce "to, yaya aka yi?" ba.

In kuɗin ƙera dodo ne babu, ku gode wa Allah. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, injin dodon kifin fim ɗin ya yi ta lalacewa cikin ruwan teku. Dole ta sa ya riƙa nuna ganguna masu ruwan ɗorawa suna gudu a saman ruwa, kiɗa na tashi, kifin na ɓoye, kuma abin da ya firgita 'yan kallo ke nan. Ku kuna da abin da ya fi ganga. Ku kafa kyamara da asuba, hazo bai washe ba, a ga gora ɗaya yana juyi a tsakiyar gulbi ba mai shi, yagaggiyar homa na biye da shi, mata a bakin gaɓa sun daina wanki sun tsaya cak.

Na kwatanta wa kawu wannan. Bai yi dariya ba. Cewa ya yi in bar zancen, dare ya yi, kuma gobe da sassafe jikansa zai shiga ruwa.

Wassalam, naku,
Wani mai kallo daga Birnin Kebbi